Sajan, Damon Gwaggo Merle

Geeveston, Tasmaniya
14 ga Agusta, 1988

Zuwa ga taubashiyata Noelene,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Clarrie da Gwaggo Merle. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ruwan sama da suka hana mu sakat. Matata Glenys ta yi mura ta warke. Ni kuwa gwiwar nan ce ke tuna min shekarun da na yi ina jan gungume a injin katako.

Dalilin rubutowa shi ne, a watan Oktoba Gwaggo za ta cika shekara tamanin, kuma na gama kyautarta. Sajan na zana mata. Ba sai na tuna miki ba, babban damon nan da ya tare a ƙarƙashin tankin ruwa a gona, yana shanye mata ƙwan kaji tana bin sa da shebur. Kin ce tun da aka sayar da gonar ta dawo gari wajenki, ba ta ambaton kowa kamar yadda take ambatonsa, har da marigayi babanki.

Kar ki zaci irin ƙone-ƙonen da nake yi muna yara ne, da wayar shinge a murhunta. Wannan zamani ya wuce. Yanzu alƙalamin wuta gare ni mai aiki da lantarki, da bakuna iri-iri da ake sauyawa: akwai mai kamar wuƙa na jan layi, akwai mai kamar cokali na yin inuwa, akwai mai tsini kamar allura. Farin katakon sasafaras na samu, na goge shi da sanfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri. Fatar damo kuwa ɗigo-ɗigo ake bin ta, da wuta ƙasa-ƙasa, ana komawa ana sake bi har duhun ya hau. Inda haske yake a jikinsa ba fenti ba ne, katakon ne na bari bai ga wuta ba. A aikin nan babu gogewa, abin da ka ƙona ya ƙonu. Daga ƙarshe na shafe shi da man sheƙi shafi uku. In kin ɗora hannu sai ki rantse gilashi ne. A tsibirin nan babu damo ko ɗaya, don haka da hotunan wani littafi na yi aiki, amma wani baƙo ɗan wajenku ya shigo shago ya gani ya ja da baya.

Ke taubashiyata ce, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Glenys ba. Na bar makaranta a aji uku, na bar gida da jaka ɗaya, yau ina da shago da sunana a sama. Aikina yana rataye a gidaje har Japan. Amma matar da ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata ba ta taɓa cewa uffan a kansa ba. A wajenta har gobe ni ne yaron da ya kusa ƙona mata kicin. Ina so a rataye Sajan a falo, saman kujerarta, kusa da hoton aurenta. Kuma ina so ki rubuto min abin da ta ce, yadda ta faɗe shi, kar ki ƙara masa sukari.

Abu ɗaya: kar rana ta taɓa shi. Rana tana cinye zanen wuta. Bango mai inuwa kawai.

Ki gaida Clarrie, ki ce masa ya yi amfani da ƙusa biyu, na san aikinsa.

Naki,
Athol


Cunnamulla
23 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Athol Mai Gawayi,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, zafi ya fara tun ba a kai ko'ina ba. Clarrie yana fama da baya kamar kullum, musamman in an ambaci yankan ciyawa. Mama lafiyarta ƙalau, bakin nan dai yana nan yadda ka bar shi. Ta daina karanta jarida, wai duk ƙarya ce a ciki, ta kuma ajiye saƙa, wai zaren yanzu ba shi da kyau. Tsufa dai.

Ƙunshinka ya iso lafiya. Gaskiya Athol, ban so in yabe ka don kanka ya riga ya fi ƙarfin hularka, amma da muka buɗe sai da gabana ya faɗi. Clarrie ya ce, “Ku rufe kaji!” Matan coci da suka zo shan shayin bikin sun yi ta kewaya shi, har Misis Tolhurst ta nemi adireshinka.

Ka ce kar in ƙara sukari, to ga shi. Mun miƙa wa Mama a falo. Ta riƙe shi ta daɗe, ta karkata shi nan ta karkata can, ta shafa. Sai ta ce, “Yana da nauyi.” Na ce, “Mama, Sajan ne fa, Athol ya yi miki.” Ta ce, “Na sani, ni ba yarinya ba ce.” Shi ke nan ta nemi a ƙara mata shayi.

Clarrie ya kafa shi saman kujerarta da ƙusa biyu yadda ka ce. Washegari na dawo daga kanti na tarar ta hau kujera da kanta ta sauke shi, tsohuwa mai shekara tamanin! Yana baranda, jingine a kan tebur, wajen da take zama da yamma. Na mayar ciki, ta sake fitar da shi. Na ce mata ka ce rana tana ɓata shi. Ta ce, “Sajan a rana yake kwana, tun yaushe damo ya koma zaman falo?” Ka san ta. Na bar ta, don ban da ƙarfin faɗa biyu a rana, na Clarrie ma ya ishe ni.

Ka gaida Glenys, ka ce mun gode da jam ɗin tufa.

Taka,
Noelene


Geeveston
2 ga Nuwamba, 1988

Noelene,

Na samu takardarki. Muna lafiya. Ina fatan ku ma haka.

“Yana da nauyi.” To madalla. Ashe da gungume na aiko mata da ya fi.

Na karanta takardar a tsaye a shago, na sake karantawa a zaune, ba ta canza ba. Ni ba yaro ba ne, na fahimci abin da ake nufi. Falo na hoton aure ne da agogon bango da kofunan da ba a shan shayi da su. Aikin Athol kuwa baranda, wajen takalman Clarrie da kwanon kare. Haka ta yi min ina ɗan shekara goma sha biyu, na ƙona mata hoton doki a murfin akwatin lemo, ta sa shi ta toshe ramin kejin kaji. Na zaci shekaru sun canza wani abu.

Kuma barandarku yamma take kallo, na sani. Ranar Cunnamulla ta watan Disamba! Noelene, hunturu guda na yi a kan fatar dabbar nan. Idona har ruwa yake yi. Inuwar da ke ƙarƙashin wuyansa da wuta mafi sanyi na yi ta, ita za ta fara tafiya, sannan zanen wutsiya, sannan komai. Kafin Ista abin da zai rage katako ne mai ɗan datti. Ke kuma kina tsaye kina kallo, wai ba ki da ƙarfin faɗa. Da wani babban mai zane na Brisbane ne ya aiko, mai takardar jami'a, da kin samu ƙarfin.

Ba na roƙon kowa ya so aikina. Akwai masu jira wata da watanni kafin su samu. In ba ta so, a faɗa min kai tsaye, a dawo min da abina tun bai mutu ba.

Athol


Cunnamulla
19 ga Fabrairu, 1989

Athol,

Muna lafiya, tun da dai al'ada ce a faɗa. Ba don ka tambaya ba. Kirsimeti ta zo ta wuce babu ko kati daga wajenka. Na Glenys ya zo, da sa hannunta ita kaɗai. Mama ta tambaya sau biyu ko mai kawo wasiƙu ya tsallake gidanmu, na ce mata ruwa ya yanke hanya, alhali rabonmu da ruwa tun Satumba.

Na so in ba ka amsa tun Nuwamba, na rubuta na yaga, don abin da na rubuta bai dace da matar da ke zuwa coci ba. Kai kana can kana shan iska mai sanyi kana lissafin wanda ya yabe ka da wanda bai yabe ka ba. Ni ce nan da ita. Ni nake share shayin da take zubarwa a gefen kofi. Ni ce ta kira da sunan Misis Tolhurst ranar Lahadi, a ƙofar coci, gaban mutane, sannan ta ce wasa take yi. Makon jiya ta zuba gishiri a kwastad ta ce ni na sauya wa gwangwanaye wuri. Ina jin kanta ne ya fara taɓuwa, Athol, kuma ina jin tsoro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai Clarrie, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, “Za ta ware.”

Maganar hoto, ka yi gaskiya, ka ji daɗi. Ya koɗe. Kullum da yamma yana kan cinyarta a baranda, rana tana dukansu su biyu. Ka ce a dawo maka da abinka, ga shi nan tare da wannan takarda. Na ɗauke shi tana wanka, na ce mata kai ka nema za ka gyara. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi min. Tun ranar tana fita barandar ta zauna da hannuwa a cinya.

In kana da zuciyar da za ka gyara, ka gyara. In kuma babu, ka rataye shi a falonka mai inuwa, ku yi ta kallon juna kai da shi.

Noelene


Geeveston
6 ga Maris, 1989

Zuwa ga ’yar'uwata Noelene,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da Clarrie da Gwaggo. Mu lafiya. Glenys ta karanta takardarki ta ce ba ki faɗi rabin abin da ya kamata ba, sauran rabin kuma ta ƙarasa miki a wajen cin abinci.

Ki ajiye fushi ki karanta wannan a hankali, don ba maganar hoto ba ce.

Ƙunshin ya kwana biyu a shago ban buɗe ba. Da na buɗe, na kai shi bakin taga don in ga iya ɓarnar. Ya koɗe kam, wuyan ya tafi yadda na ce. Amma da na karkata shi haske ya kwanta a kai, sai na ga wani abu. Man sheƙin yana nan lafiya ko'ina, yana ƙyalli, ban da wurare kaɗan inda ya dushe ya yi dauɗar hannu: kan idon, da faratan ƙafafu, da layin baki. Har ɗan jam na samu a farce ɗaya.

Noelene, a duk hoton nan waɗannan ne kawai wuraren da na ƙara wuta na danna bakin wuƙa ya shiga katako. Su kaɗai ke da zurfi. Sauran duka, fatar nan da nake taƙama da ita, a saman katako take kamar hayaƙi, kuma na bi na shafe ta da mai. Na rufe idona na ɗora yatsu a kai. Ido ɗaya na ji, da farata, da baki. Tsakaninsu babu komai, santsi kawai.

Mai kallon hoto ba ya murza shi haka. Wanda yake neman hoton da hannu ne yake yi.

Sai na koma kan takardunki. Jarida. Saƙa. Shayi a gefen kofi. Gishiri. Ta kira ki da sunan wata a ƙofar coci, inda aka fito daga duhu. Ba kanta ba ne, idonta ne. Falonku yana da duhu, labulen nan masu kauri. Ta fitar da shi baranda ne don a ranar yamma kaɗai take iya ganin ɗan wani abu a jiki. Kuma ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta, don ita ce Merle da ba ta taɓa neman a riƙe mata hannu ba. Na san wannan hali, a gidanta na koya.

Akwai kuma wani abu. A kan wutsiya, wajen tafin hannu guda kafin ƙarshe, an karce man da farce, a gicciye, an maimaita har ya yi fari. Na daɗe ina kallo kafin na tuna. Nan shebur ɗinta ya sauka, shekarar da ya shiga kejin ’yan tsaki. Wutsiyar Sajan guntuwa ce. Ni kuwa na ba shi doguwa mai kyau irin ta littafi. Ashe ta gani, kuma gyara min take yi.

Ki kai ta wajen likitan ido, ko da Toowoomba ne. Kar ki ce mata don ido ne, ki ce ke za a duba, ta raka ki. Ki rubuto min da zarar kun dawo.

Naki,
Athol


Cunnamulla
11 ga Afrilu, 1989

Athol,

Muna lafiya, mun dawo jiya, Clarrie ya yi tuƙin duka bai yi ƙorafin baya ba ko sau ɗaya, abin da ya nuna min shi ma ya tsorata.

Dabararka ba ta yi aiki ba. Tun kafin mu wuce St George ta ce, “Noelene, in za ki yi ƙarya ki riƙa shirya ta da kyau. Wane ne ya tona ni?” Na ce kai ne. Ta ce, “Daga Tasmaniya?” Na ce daga jikin katako.

Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Tsakiyar ganin ne ke mutuwa, a ido biyun, kuma ya yi nisa. Gefe-gefe za ta riƙa ganin motsi da haske, ba za ta faɗa rami ba, amma fuska da rubutu da hoto sun tafi, ɗan abin da ya rage a tsakiyar ma ba zai kai ƙarshen shekara ba. Ya ce ta fi shekara biyu tana ɓoyewa. A gidana, Athol, ina ba ta abinci kullum. Na yi kuka a motar, ita ce ma take ce min in share hanci mutane suna kallo.

Da muka iso gida ta tsaya a baranda ta ce, “Yaron nan ya gama gyaran ne ko sai na mutu?” Ko ka gyara, me za ta gani? Ka faɗa min abin da zan faɗa mata.

Taka,
Noelene


Geeveston
28 ga Mayu, 1989

Zuwa ga Noelene,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu lafiya, sai ’yan ƙune-ƙune a yatsu da rabona da su tun ina yaro. Ki yi haƙuri da jinkiri, ban so in rubuto hannu wofi.

Wancan ba ya gyaruwa, kuma ko ya gyaru ba nata ba ne, na masu ido ne. Na yi wani. Yana tafe a jirgin ruwa sannan jirgin ƙasa, don ya fi ƙarfin gidan waya. Ki gaya wa Gwaggo wannan ya fi wancan nauyi, tun da nauyi take yabawa.

Na fara da alƙalamin lantarkin, na ƙure masa wuta, na lalata baki biyu, zurfin bai kai ba. An yi shi ne don ya shafi katako, ba don ya cije shi ba. Sai na je bayan gida na yanko wayar shinge da filaya, na hura gawayi a rabin duro, na lanƙwasa bakunan wayar: ɗaya zagaye don ɓawon fata, ɗaya ƙugiya don farata, ɗaya miƙe. Sai ka jera su a wuta, ka ɗauki wadda ta yi ja, ka danna, ta yi ƙara, ka mayar ka ɗauki wata. Maƙwabcina Lindsay mai gyaran mota ya leƙo ta katanga ya ce, “Athol, an yanke maka lantarki ne? In kawo maka kyandir?” Na ce ya je ya ji da motocin da yake kashewa.

Ba zan ɓoye miki ba, in an kalle shi da ido ba shi da kyau. Baƙi ne ƙirin, babu inuwa, babu haske, ba zan sa shi a tagar shago ba. Amma ban yi shi da ido ba. Kowane sashe na gama sai Glenys ta ɗaure min fuska da tsumman goge kwanuka in bi shi da yatsa. Inda yatsana ya ɓata hanya, sai in koma wuta. Ɓawon baya manya ne masu kaushi, na ciki ƙanana a jere, fatar wuya na ninke ta yadda take yi in ya kumbura zai yi faɗa. Harshen yana waje. Wutsiya ta tsaya daidai inda farcenta ya ce.

Katakon Huon ne wannan karon, mai kauri, don yana da ƙamshi kuma ba ya ruɓewa. Ban shafa masa komai ba, na dai bi shi da burushi don kar ya baƙanta mata riga. Maikon hannunta ya ishe shi. Ta kai shi rana in ta ga dama, ta bar shi a ruwa ma, rami ba ya koɗewa.

Ba sai an rataye shi ko'ina ba. Kuma ba sai kin rubuto min abin da ta ce ba.

Naki,
Athol


Cunnamulla
18 ga Yuni, 1989

Mai Gawayi,

Muna lafiya, sanyi ya shigo, Mama tana cin abinci sosai. Ka ce ba sai na rubuto ba, amma na san tun ranar da ka aika kake tare mai kawo wasiƙu a hanya.

Clarrie ya ɗauko shi daga tasha, ya buɗe, ya ce, “Wannan gobara aka yi?” Na taka masa ƙafa. Muka ɗora mata a cinya a baranda. Kafin ta taɓa sai ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta sa hannu biyu. Ta fara daga hanci, ta bi baki, ta tsaya a wuya ta daɗe, ta gangara baya a hankali kamar mai tsince shinkafa. Da ta kai wutsiya yatsanta ya faɗa inda ta yanke, sai ta yi dariya, irin dariyar da rabona da ji tun muna gona. Ta ce, “Kai, tsohon ɓarawo.” Shayinta ya huce a gefe ba ta sani ba.

Sauran ita za ta faɗa, ta sa ni na ɗauko biro, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, in na canza za ta sani. Ga shi:

“Athol. Gwaggonka ce. Ina lafiya, kar ka saurari Noelene. Abinka ya iso. Yana warin kicin ɗina ranar da ka kusa ƙona shi. Dokin nan da kake ta ƙorafi a kai, Noelene ta karanta min takardarka, ita ma ba ta iya ɓoye abu ba. A kejin kaji na sa shi don nan nake zuwa safe da yamma. Falo na baƙi ne, sau nawa ka ga na zauna a ciki? Kai dai tun kana ƙarami ba ka da wayo, sai hannu.

“Wannan Sajan ne. Wancan damon wani ne, kyakkyawa, amma ban san shi ba. Wuyan ya yi daidai. Wutsiyar ta yi daidai. Na bi shi duka ban sami inda ka yi ha'inci ba, kuma na nema.

“Sai dai ƙafar gaba ta hagu. Ka ba shi yatsu biyar. Huɗu gare shi, tarkon zomo ya cire ɗaya. Ba zan zauna da ƙarya a cinyata ba. Kuma ba zan sake ba wa jirgin ƙasa shi ba, an raba ni da shi sau ɗaya ya isa. In kana so aikinka ya cika, ka zo nan ka cire yatsan da kanka. Ka zo da Glenys. Ka zo tun ina iya gane tsawonka a bakin ƙofa.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Yana kan cinyarta yanzu haka, ta ɗora kofin shayi a kan bayansa, wai ɓawon yana riƙe kofi da kyau. Ɗakin baya yana nan, sai dai Clarrie ya kwashe tarkacensa.

Taka,
Noelene


Geeveston
26 ga Yuni, 1989

Noelene,

Muna lafiya. Na rufe shago, na manna takarda a ƙofa, masu jira su jira. Mun samu wuri a jirgin ruwan ranar Juma'a, daga Melbourne kuma za mu taho da mota, Lindsay ya duba ta, don haka ki sa mu a addu'a.

Ki gaya wa Gwaggo lokacin da na bar gona yatsunsa biyar cif, na ƙirga su da idona ranar da ya bi ni har kan tanki. Abin da ya same shi bayan tafiyata ba laifina ba ne. Amma tun da ta ce huɗu, huɗu ne. Na sa kurfin sassaƙa da filaya a jaka. Clarrie ya samo min wayar shinge da gawayi, sai na ƙone gurbin don ya yi tabo yadda ya kamata. Ita za ta riƙe min katakon, ta nuna min wane yatsa ne.

Kuma a sauke kofin shayin nan daga bayansa kafin in iso.

Naki,
Athol